Bayan cire haƙori, a yi maganar taba

A Yamai da wuya ka ga namiji mai jini a jika ya tashi takanas ya je asibiti don a duba lafiyarsa. In zazzaɓi ne, ya aiki yaro farmasi. In tari ne, ya ce ƙurar hunturu ce, za ta wuce. Ciwon haƙori ne kawai ba ya karɓar wannan uzuri. Direban taksi ne, ko ɗan kasuwar Katako, ko magini a Bukoki, in ya kwana biyu bai runtsa ba, kunci ya kumbura, an gwada kanumfari, an gwada ruwan gishiri mai ɗumi, an gwada ƙwayar mai tebur duk a banza, da ƙafarsa zai kai kansa sashen haƙori na Babban Asibitin Ƙasa, ko na Lamorde, ko wurin wani likita mai zaman kansa. Buƙatarsa ɗaya ce: a cire, ya huta.

Mashayin taba ɗan shekara 25 ko 40 yana iya yin shekaru bai zauna gaban ma'aikacin lafiya ba sai a irin wannan rana. Kuma wanda ya zauna gabansa shi ne ya fi kowa ganin aikin taba ƙuru-ƙuru. Likitan huhu sai ya ɗauki hoto, likitan zuciya sai ya yi awo, amma likitan haƙori fitila da ɗan madubi sun ishe shi. Saboda haka in aka cire haƙorin, aka rubuta magani, aka sallami mutum ba a ce masa uffan game da taba ba, a ganina rabin aiki aka yi.

Abin da kowa ya sani shi ne dafewar haƙora, da baƙin leɓe, da warin baki. Waɗannan ƙanana ne. Babbar ɓarnar a ƙarƙashin dasashi take, inda ido ba ya kaiwa. Saiwar haƙori a dashe take cikin ƙashin muƙamuƙi, wasu siraran zaruruwa suna riƙe da ita. Dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta, in ta daɗe sai ta daskare ta yi tauri, dasashi ya kumbura, ƙashin da ke ƙasa ya riƙa zaizayewa a hankali. Haƙorin kansa yana iya zama lafiya lau, babu rami ko ɗaya, amma ya fara girgiɗi, kamar dirkar rumfa da ruwa ya cinye ƙasar gindinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 ne ke fama da wannan ciwo mai tsanani a duniya, kuma haɗarin kamuwar mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha aƙalla sau biyu.

Inda abin ya fi muni shi ne taba tana ɓoye alamar. Wanda ba ya sha, in dasashinsa ya kamu, zai ga jini a jikin aswaki ko buroshi, hankalinsa ya tashi, ya nemi magani. Nikotin kuwa, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, don haka dasashin mashayi ba ya saurin zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa. Sai ya goge baki ya tofar, ya ga fari fat, ya ɗauka lafiya yake. Kafin haƙori ya fara motsi ƙashi ya riga ya tafi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa da kansa. Shi ya sa a tsarin rarraba ciwon dasashi da masana suka amince da shi a 2017, mai shan kara 10 ko fiye a rana ana sanya shi a rukunin da ciwonsu ya fi saurin ci gaba. Ko wankin haƙori aka yi masa a asibiti, aka kankare dauɗar tas, bakinsa ba ya murmurewa yadda na wanda ba ya sha ke yi.

Sai kuma sankarar baki. Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kan haƙorin da aka nuna masa da yatsa. Zai naɗe bakin harshe da ɗan bandeji, ya jawo shi waje, ya karkata shi dama da hagu ya duba gefensa har can ciki. Zai ɗaga shi ya duba ƙarƙashi, ya leƙa ganɗa da cikin kumatu, ya ja leɓen ƙasa, sannan ya shafa wuya da ƙasan haɓa ya ji ko akwai kaluluwa. Duk wannan ƴan mintoci ne. Abin da yake nema shi ne farin tabo da ba ya goguwa, ko jan tabo, ko miki da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba. Da farko waɗannan ba su cika zafi ba, shi ya sa mai su ba ya kawo ƙara. A 2020 an samu sababbin masu sankarar leɓe da baki kusan 378,000 a duniya, kusan 178,000 kuma suka rasu. Taba ce kan gaba cikin dalilai, in ta haɗu da giya haɗarin ya ninninka.

Nijar tana da cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, kuma tun 2021 ake gasa ciwon da na'ura a nan gida, abin da a da sai an fita waje. Ci gaba ne babba. Amma mutumin da ya taso daga Tahoua, tafiyar sama da kilomita 500, da kuɗin mota da masauki da mai jinya, in ya iso lokacin da ciwon ya riga ya ci harshe ya sauka wuya, abin da za a iya yi masa ya ragu ƙwarai. Wanda aka gano tabonsa yana ƙarami, aka yi masa aiki, ya kuma bar taba, labarinsa daban ne.

A nan ƙasar tambayar “kana shan sigari?” ba ta isa ba. Dattijo zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, alhali ga ƴar battarsa ta taba gari a aljihu. A Tahoua da arewacinta har Agadas, ana haɗa garin taba da kanwa ko toka, a ɗebi kaɗan da yatsu biyu a cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi ko a kunci, a bar ta tana jiƙa. Kanwar ba don ɗanɗano kawai take ba: tana sa nikotin ya fi saurin ratsa fatar baki ya shiga jini. Kuma kowa yana da wurin da ya saba ajiye tasa. Likita na jan leɓe zai gane wurin, don dasashi ya ja baya, saiwar haƙori ta bayyana, fatar ta yi fari ta yamutse. Tsofaffi mata ma suna sa ta, kuma su ne ba a tambaya, ko don kunya ko don ba a zata ba. Akwai masu fara ta da sunan maganin ciwon haƙori, su ɗora a kan ramin, zafin ya ɗan lafa, shekara goma ta wuce suna nan tare da ita.

Samarin fada, wato majalisar hira da shan shayi, kuma shisha ce tasu, da ƙamshin tufa da na'ana'a, da imanin cewa ruwan da ke cikin tulun yana tace guba. Ba ya tacewa, sanyaya hayaƙin kawai yake yi har a iya zuƙarsa da yawa. Zaman awa ɗaya a kan shisha yana iya kai yawan hayaƙin kara 100 na sigari ko fiye, ga iskar gawayi mai guba da ke biyo shi. Yaron da ya ce shi ba ya shan taba, shisha kawai yake ja, yana buƙatar a yi masa wannan bayani dalla-dalla.

Me ya sa “ka daina” kaɗai ba ta aiki? Domin abin ya wuce rashin ji. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan an zuƙa, ya sa ta saki sinadarin jin daɗi, da sabo sai ƙwaƙwalwar ta sake tsarinta ta yadda in babu shi ba ta samun natsuwa. Wanda ya ajiye taba zai yi saurin fushi, barci ya ƙi zuwa, hankali ya kasa taruwa, yunwa ta ƙaru. Wannan hali ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, sannan ya riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Ita ƙawar tabar tana tasowa ne ta yi ƴan mintoci ta kwanta, ta sake tasowa. Mafi yawan waɗanda suka rabu da ita sun gwada sau da dama kafin su dace. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 750 cikin masu amfani da taba suna son bari, amma kashi 70 cikin 100 ba su da inda za su sami taimakon da ya dace. Ashe da yawa daga cikin masu hawa kujerar likitan haƙori sun riga sun so, hanya ce ba su sani ba.

To ga damar da likitan haƙori yake da ita wadda sauran ba su da irinta. Bayan an cire haƙori, gudan jini ne ke toshe ramin, a ƙarƙashinsa nama ke tohowa. Zuƙar sigari da zafin hayaƙi da tsukewar jijiyoyi suna iya kawar da gudan ko su hana shi kamawa, sai ƙashi ya zauna a buɗe. Bayan kwana biyu zuwa huɗu mutum ya dawo da azabar da ta fi ta farko, tana harbawa har kunne, ga wari. Wannan ya fi samun mashaya nesa ba kusa ba, don haka kowane likita yakan ce kada a sha taba kwana biyu zuwa uku. Mutane kuma suna bin umarnin, saboda tsoron ciwon da suka ɗanɗana jiya. Waɗannan kwana ukun su ne daidai kwanakin da barin taba ya fi wuya. Wanda ya cika su ya riga ya haye mafi tsananin wurin bai sani ba. Abin da ya rage shi ne wani ya gaya masa tun kafin ya fita ƙofa: “In ka kai kwana uku, kada ka koma. Mafi wuyar ka gama da ita.”

Haka watan azumi. Mutumin da ke rantsuwa ba zai iya awa biyu ba taba ba, shi ne ke kamewa daga asuba har faɗuwar rana wata guda cur, a zafin Yamai. Ana kiran magariba wasu kan kunna kara biyu a jere kafin su ci abin kirki, amma dai hujjar ta tabbata cewa yana iyawa. Likitan da ya ga majinyaci a watan Sha'aban yana da ranar da zai ba shi a shirye.

Ba na cewa aikin mai sauƙi ne. Likitocin haƙori a Nijar kaɗan ne, akasarinsu kuma a Yamai suke. A asibitin gwamnati layi ne tun safe, ga kumburin da ya kai wuya, ga muƙamuƙin da ya karye a haɗarin babur, ga yaran da ciwon nan mai cin naman baki, da ake kira noma, ya ci fuskarsu. Nasiha ba ta cikin abin da ake biya a wurin karɓar kuɗi. Wani likitan yana jin nauyin yi wa sa'an mahaifinsa maganar taba, wani yana tsoron majinyaci ya ji haushi ya ƙi dawowa, wani kuma shi kansa yana sha. Duk da haka, lokacin da ake nema bai kai yadda ake zato ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yuli na 2024, ta farko a kan taimaka wa manya su bar taba, ta nemi kowane ma'aikacin lafiya ya riƙa ba da gajeriyar shawara ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3. Tsakanin allurar kashe zafi da lokacin da baki zai mutu, akwai jiran da ya kai haka. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan likitocin haƙori a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa irin wannan shawara, musamman in an haɗa ta da magani, tana ƙara yawan masu bari.

Ta fuskar doka ma ba baƙon abu ba ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, kuma sashe na 14 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe nauyin taimaka wa masu son bari. A watan Mayu na 2006 aka yi dokar ƙasa da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta kuma taƙaita tallarta. Hani da haraji suna rage masu farawa, amma wanda ya riga ya kamu mutum yake buƙata ya zauna da shi. Abu mafi arha da za a fara da shi shi ne layi ɗaya a karne, wato littafin asibitin majinyaci: yana amfani da taba ko a'a, wace iri, nawa a rana. A garuruwan da babu likitan haƙori, majon asibitin ƙauye ne ke duba baki, shi ma ana iya koya masa jan harshe da wannan tambaya a yini ɗaya.

Yadda ake maganar shi ne rabin nasara. Tsawa da kunyatarwa ba sa haifar da komai sai ƙarya. A ce dattijo ne a kujera, likita kuma sa'an ɗansa.

“Baba, ku yi haƙuri, akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zauna a nan. Kuna amfani da taba? Ko ta sha, ko ta sawa a baki?”

“Ƴar kaɗan ce, likita. Don haƙorin nan ma na fara ta.”

“To Baba, ga madubi. Ku duba nan inda kuke ajiye ta. Kun ga ya yi fari, ba kamar ɗaya gefen ba? Tabar ce ta yi haka. Yanzu ina so mu sa masa ido, kuma babban maganinsa shi ne ku rabu da ita. Kun taɓa gwada bari?”

An tambaya ba tare da zargi ba, an nuna masa a bakinsa shi kansa, ba a hoton kwali ba, an faɗi shawara a fili, sannan an ba shi dama ya yi magana. In ya ce bai shirya ba, ba a ja-in-ja. A tambaye shi abin da yake tsoro, a bar ƙofa a buɗe, a sake tayar da zancen in ya dawo. In ya ce ai ya tsufa, me ya rage, akwai amsa: binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya, wanda aka fara a 1951, ya nuna mai shan sigari yana asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa, amma wanda ya bari yana da shekara 40 yana ceto kusan 9, mai 50 kusan 6, mai 60 ma kusan 3. Haɗarin sankarar baki da maƙogwaro kuma yana raguwa da rabi cikin shekara 5 zuwa 10.

Saurayi kuwa maganar shekara 60 ba ta shiga kunnensa. Abin da ke taɓa shi shi ne giɓi a gaban baki tun bai yi aure ba, da warin da budurwa ke kau da kai saboda shi, da kuɗi. A ƙaddara kara ɗaya dala biyar ne, yana shan goma a rana: dala hamsin ke nan kullum, jika bakwai da rabi a wata, sama da jika casa'in a shekara. A bar shi ya yi lissafin da bakinsa.

Wanda ya amince, a tsayar da rana tare da shi cikin mako biyu, kuma ranar a bari gaba ɗaya. Tambaya ɗaya tana nuna zurfin kamun: bayan ka farka, yaushe kake kunna na farko? Wanda ba ya kai rabin awa, shi ne ya fi buƙatar magani. Akwai nikotin na magani, na taunawa kamar cingam ko na mannawa a fata, wanda ke ƙara damar nasara da kusan rabi ko fiye, kuma tun 2009 yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Akwai ƙwayoyi irin su varenicline da bupropion da cytisine, waɗanda ba a shan su sai likita ya duba mutum ya rubuta. Matsalar ita ce ba a kowace farmasi ake samunsu ba, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin talaka, don haka a wurinmu dabara da goyon bayan iyali ne za su ɗauki mafi yawan nauyin. A gano lokutan da hannu ke tafiya aljihu da kansa: bayan cin abinci, a kan kofin shayi na farko a fada, lokacin jiran fasinja, bayan ɓacin rai. A makon farko gara a rage zaman inda ake busawa. Aswaki yana da amfani biyu a nan, yana shagaltar da hannu da baki, yana kuma tsabtace haƙori. Alewa da ƙarin sukari a shayi kuwa musayar ciwo ce da ciwo, likitan haƙori ya fi kowa sanin inda take ƙarewa.

Akwai gargaɗi ɗaya da in ba likitan haƙori ba babu mai tunawa da shi, kuma rashinsa yana mayar da mutane baya. Makonni kaɗan bayan barin taba dasashi yakan fara zubar da jini wajen goge baki, wasu kuma ƙananan gyambuna su fito musu a baki. Mutum sai ya ce lokacin da nake sha ban ga wannan ba, ashe barin ne ya jawo mini ciwo. Alhali jini ne ya dawo gudana yadda ya kamata, ciwon da ke ɓoye ya bayyana, kuma yanzu ne wanki da magani za su kama. Gyambunan suna wucewa da kansu. Wanda ya haura mako biyu zuwa uku ne ake kawowa a duba. Wanda aka gaya wa tun farko ba zai firgita ba. A gaya masa kuma cikin ƴan kwanaki zai fara jin ɗanɗanon miya da ƙamshin abinci yadda ya manta.

Majinyacin haƙori yakan dawo, ko don cire zare, ko wanki, ko cike wani ramin, kuma a wannan dawowar ce ake gane ko maganar ta kama. In ba zai dawo ba, kiran waya na minti ɗaya a ƙarshen makon farko, ko saƙon murya ta WhatsApp da Hausa ko Zabarmanci, ya wadatar, kuma mai taimaka wa likita ma yana iya yi. In ya ce yana nan bai taɓa ba, a yaba masa, a tambayi abin da ya fi ba shi wuya. In ya ce ya koma, kada a nuna masa ɓacin rai. A tambaye shi a ina ya kunna na farkon, da wa yake zaune, me ya faru ranar, sannan a sake tsayar da wata rana.